Wa Zai Koya wa Yaran Shago Aiki? Fashin Baƙi Kan Horar da Ma'aikata a Ƙananan Sana'o'i

Duk inda masu ƙananan sana'o'i suka haɗu a 'yan shekarun nan, ko a rumfar kasuwa, ko a majalisar bayan La'asar, ko a zauren WhatsApp, kuka ɗaya ne ke ta dawowa: ba a samun ma'aikatan kirki. Mai gidan burodi ya ce an ƙona masa kwaɓi guda. Mai kemis ya ce yaronsa ya miƙa wa mutum maganin da wa'adinsa ya ƙare. Mai shagon POS ta ce an nuna wa yarinyarta alat na bogi an tafi da kuɗi. In ka juya wajen ma'aikatan kuma, nasu kukan daban ne. Sun ce ranar da aka ɗauke su aka miƙa musu makulli, ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu komai, sai ranar da suka yi ɓarna suke jin yadda ya kamata a yi, shi ma cikin faɗa, a gaban masu saye.

To laifin wane ne? Ma'aikata ne suka lalace, ko kuwa ba a koya musu ba? Kuma da aka ce mai sana'a ya riƙa horar da ma'aikatansa a kai a kai, wannan magana ce ta bankuna da manyan kamfanoni, ko ta shafi mai shagon ɗinki da keke shida?

Me ake nufi da horo?

Kalmar kanta tana cikin abin da ke rikitar da mutane. A Hausa, horo yana ɗaukar ma'anar ladabtarwa. In aka ce an hori yaro, abin da ke zuwa zuciya bulala ce ko kashedi. Shi ya sa ma'aikaci in ya ji maigida ya ce gobe akwai horo, gabansa ne zai fara faɗuwa, ya yi ta tunanin laifin da ya yi.

Ga kuma ɗaya fuskar, wadda gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka saba mana da ita, wato taron bita. A kama zaure a otel, a kira masani daga Abuja, a yi kwana uku ana haska rubutu a bango, a ci abinci, a raba kuɗin mota da takardar shaida. Mai ƙaramar sana'a in ya dubi wannan sai ya ce ba da shi ake ba, kuma da gaskiyarsa, don ba shi da kuɗin otel, ba zai kuma rufe shago kwana uku ba.

Abin da ake magana a kai a nan bai kai wannan girma ba. Lokaci ne da aka ware aka tsayar, ko da rabin awa ne a mako, a cikin wurin aikin, da kayan aikin, inda wanda ya iya wani abu zai nuna wa wanda bai iya ba, ya sa shi ya yi a gabansa, sannan ya dawo daga baya ya duba ko ya zauna masa. Abin da ya bambanta shi da faɗa shi ne yana zuwa kafin ɓarna. Ya kuma sha bamban da koyon da ake yi ta hanyar zama kusa da gwani, domin shi an tsara shi: an san abin da za a koya, an san ranar, an san mai koyarwa.

Gadon da muka taras

Kada a ɗauka Bahaushe bai san koyar da sana'a ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, da dukawa, da maƙera, da masaƙa, da fatake masu kai goro daga Gwanja, duk ba da takardar shaida suka riƙe sana'arsu ɗaruruwan shekaru ba. Tsari ne na ubangida da yaro. A kawo yaro tun yana ƙarami, ya fara da shara da aike, ya zauna yana kallo shekara da shekaru, sannu a hankali a sakar masa hannu, har ranar da za a yaye shi, ubangida ya ba shi jari ko kayan aiki ya buɗe nasa. A Kantin Kwari da Singa da Kasuwar Wambai har gobe akwai manyan 'yan kasuwar da ta wannan hanya suka tashi. Inyamurai ma suna da irin nasu tsarin, wanda ya yi suna ƙwarai a kasuwannin Anaca da Aba da Legas.

Sai dai wannan tsari ya dogara ne kan abu biyu, kuma duka biyun sun yi rauni. Na farko lokaci. Yaron da zai yi shekara bakwai a gindin ubangida, ko ba a ce masa komai ba, idonsa zai ɗauki aikin. Ma'aikacin yau kuwa ɗan albashi ne, wataƙila ya gama sakandare ko difloma, kuma daga ranar da ya fara ake son ya karɓi kuɗi ya ba da canji. Babu shekarun kallo. Na biyu kuma, a da ubangida ya san duk abin da yaro ke buƙatar sani, don sana'ar ba ta canzawa sosai daga uba zuwa ɗa. Yanzu sau da yawa yaron ne ya fi maigida gane na'urar da ke kan tebur, shi kuma maigida ya fi shi sanin mutane da kaya da bashi. Kowa na riƙe da rabi, kuma ba wanda ya ware lokacin da za a haɗa.

Abin da ya canza a kasuwa

A tuna farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Cikin 'yan makonni mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa. Ba wanda ya shirya musu. Shagunan da suka yi asara a lokacin, da yawansu ba sata aka yi musu daga ciki ba. Yaron da ke kan kanta ne bai san cewa hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ne, sai ya ga kuɗin sun shigo asusun shago. Wannan darasi ne na minti goma, amma shaguna da dama sai da suka saye shi da dubban nairori.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu kuma sun rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta shiga maganar, an yi kame. Babban laifin na waɗanda suka shigo da kayan suka sayar ne, amma duk mai haɗa zoɓo ko lemo ko kunun aya don sayarwa ya kamata ya tsaya a kan abin da ya faru. Wa ke sayo kayan haɗi a wurinka? Ya san yadda ake duba lambar rajista da ranar ƙarewar wa'adi? Ya san cewa garin da aka ɗebo a buhun da ba rubutu ba a sa shi a abin da mutane za su sha, komai arharsa?

Haka maganar gobara. Wadda ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, ta lashe shaguna dubbai. Ba na cewa horon rabin awa zai hana irin wannan ƙaddara. Amma ka shiga shaguna goma da ke da tukunyar kashe gobara rataye a bango, ka tambayi yaran wa ya taɓa zare ƙusarta ya gwada. Ka kuma tambaya wa aka ɗora wa alhakin kashe wutar lantarki daga babban makunni kafin a rufe. Yanzu da sola da inbata da tukwanen gas suka cika shaguna da gidajen abinci, wannan tambaya ta ƙara nauyi.

Sannan ga tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi, ribar da ke kan kowane kaya ta ƙanƙance. Kuskuren da a da mai shago zai haɗiye ya wuce, yanzu yana iya cinye ribar mako. Binciken da hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Nijeriya, kuma mafi yawansu 'yan ƙanana ne ƙwarai. A irin waɗannan wurare ne akasarin matasanmu ke fara aiki, don haka abin da aka koya musu ko aka ƙi koya musu a can shi ne hannun da za su riƙe har tsufa.

"In na koya masa, gobe zai buɗe nasa kusa da ni"

Wannan ita ce maganar da ke ƙasan duk sauran uzurori, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Tana faruwa. Tela ya kwashe shekara biyu yana koya wa yaro yanka, ranar da hannun yaron ya faɗa sai ya kama shago a layi na gaba ya janye rabin kwastomomi. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san wannan, mai gidan abinci ta san shi. Saboda haka wasu ke ɓoye asirin sana'a. A bar yaro kan guga da sa maɓalli, a hana shi almakashi. A auna sukari da yis a ɗaki a fito da su a leda don kada a san awon.

Ma'aikata kuma suna da tasu hujjar. Sun ce wanda aka riƙe a wuri ɗaya shekara uku, bai ƙaru da ilimi ba bai ƙaru da albashi ba, me zai zaunar da shi? Sun ce wani maigidan in ya ce a zo koyo, ranar hutunsu yake ɗauka, ko bayan an tashi, ba kuma ko kuɗin mota. Wani kuma in ka koyi sabon aiki sai ya jibga maka shi a kan na da, albashi na nan yadda yake.

Ra'ayina shi ne ɓoye ilimi bai taɓa riƙe ma'aikaci ba, sai dai ya riƙe maigida. Wanda shi kaɗai ya san awon kwaɓi ba shi da damar kwanciya rashin lafiya, ba shi da damar zuwa ta'aziyya ƙauye, ballantana Umara. Na san gidan burodin da sai da ya rufe kwana tara saboda mai shi yana asibiti, ga ma'aikata bakwai, ga fulawa a sito, amma ba wanda ya san awo. Kwastomomin da suka koma wani gidan a waɗannan kwanaki ba duka suka dawo ba.

Kuma iyayenmu sun riga sun samo mafita, mu ne muka yar. Tsarin yaye ya amince tun farko cewa yaro zai tafi. Abin da ya yi shi ne ya tsara tafiyar: ka yi mini shekara kaza, in sallame ka da kaza, ka tafi da albarkata, ka riƙa sarin kaya a wurina. Tsohon yaro ya zama abokin ciniki. Mai sana'ar yau yana iya yin irin wannan a rubuce. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma ta tanadi yarjejeniyar koyon sana'a. In za ka biya wa ma'aikaci kuɗin wani kwas a waje, ba laifi ku rubuta cewa zai zauna wata kaza bayan ya gama, ko ya mayar da wani kaso in ya tafi kafin lokacin. Sharaɗin dai ya zama daidai da abin da aka kashe, kada ya zama igiyar ɗaure mutum.

Me ya sa sai a kai a kai?

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san amsar. Ba a wanke allo sai an haddace, kuma haddar da ba a tishi zubewa take yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a kansa ya wallafa a 1885. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe tana rage ta. Ke nan bitar kwana uku sau ɗaya a shekara, komai kyanta, ba ta kai rabin awa kowane mako zama a kai ba. Ga shi kuma a ƙaramar sana'a ma'aikata na shiga suna fita. Wanda aka koya wa a Janairu mai yiwuwa ba shi ne ke kan kanta a Yuni ba.

Kan yadda ake koyarwar, akwai darasi daga Amurka da ya dace da mu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙwararrun ma'aikata suka tafi fagen daga, masana'antu suka cika da sababbin hannu, cikinsu har da mata masu yawa da ba su taɓa aikin masana'anta ba. Daga 1940 zuwa 1945 gwamnati ta gudanar da wani shiri na koyar da aiki a cikin masana'anta, inda aka koya wa shugabannin ma'aikata yadda ake koyarwa cikin mataki huɗu. Da farko ka kwantar wa mai koyo da hankali, ka ji abin da ya riga ya sani. Sai ka yi aikin a gabansa daki-daki, kana faɗin inda ake kuskure da dalilin kowane mataki. Sai shi ya yi da hannunsa yana yi maka bayani, kana gyara masa har ka tabbata ya iya. Daga ƙarshe ka sake shi ya yi shi kaɗai, ka gaya masa wanda zai tambaya in ya maƙale, kana leƙowa kana rage leƙen sannu a hankali. Taken shirin shi ne in mai koyo bai koya ba, to mai koyarwa bai koyar ba. Bayan yaƙi tsarin ya shiga Japan, kamfanin Toyota ya rungume shi ya gina nasa salon koyarwa a kai.

In ka lura, mataki na uku shi ne wanda muke tsallakewa. Mukan nuna, mu ce "ka gane?", yaro ya ce "na gane", shi ke nan. Alhali a tarbiyyarmu yaro ba ya ce wa babba bai gane ba, musamman mace a gaban maigida namiji. "Na gane" ladabi ne kawai. Sai ya kama aikin da hannunsa za ka san gaskiya.

Yadda ake tsara shi ba tare da an rufe shago ba

Wurin farawa shi ne littafin kurakurai. A sayi ɗan littafi, a yi wata guda ana rubuta duk abin da ya jawo asara ko ƙorafi: ɗinkin da aka dawo da shi, kayan da suka lalace a sito, lissafin da bai cika ba da dare, kwastoman da ya fita cikin fushi. Ba a rubuta sunan wanda ya yi, don da zarar littafin ya zama na kama mai laifi, kowa zai fara ɓoyewa. A ƙarshen wata za ka ga abu uku ko huɗu ne ke ta maimaita kansu. Su ne darussanka na farko. Ba sai ka nemi manhaja daga ko'ina ba, shagonka ne zai rubuta maka ita.

Sai a zana tebur a takarda: sunayen ma'aikata a gefe, ayyukan wurin a sama, a sa alama a gaban wanda bai iya ba, wanda ya iya in ana duba shi, wanda ya iya shi kaɗai, da wanda ya kai ya koyar. Duk aikin da mutum ɗaya tak ya iya, nan ne haɗarin yake, ko da kuwa mutumin kai ne.

Maganar lokaci ta fi kowace wahala, kuma a nan shiri ke mutuwa. Kowace sana'a tana da sa'ar da kasuwa ke sanyi. Gidan abinci yana da tsakanin karin kumallo da abincin rana. Shagon kaya yana da sassafe kafin masu saye su fito. A zaɓi rana ɗaya da sa'a ɗaya, a tsaya a kai, kuma ta kasance cikin lokacin aiki, ba ranar hutun ma'aikaci ba. Darasi ɗaya a zama ɗaya. Makon farko na wata a kan sabon abu, na biyu a yi tishinsa, na uku wani abu dabam, na huɗu a buɗe littafin kurakurai tare a ga ko an samu sauƙi. Abin da ya shafi rai, kamar gas da wuta da tsaftar abinci, a riƙa dawo da shi duk bayan wata uku ko da kowa ya ce ya iya.

A kuma duba kalandar sana'ar. Tela ba zai koyar da kowa komai a goman ƙarshe na azumi ba, haka mai sayar da taki in damina ta faɗi, haka mai littattafai a makon komawa makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Koyon da ake buƙata don Sallah a Rajab da Sha'aban ake yinsa, a bar watan cunkoso don aiki.

Wa zai koyar? Ba dole sai maigida ba. Tsohon ma'aikaci da ya iya yanka shi ya fi dacewa ya koyar da yanka, kuma ba shi wannan matsayi girmamawa ce da ke zaunar da mutum. Yarinyar da ta fi kowa gane na'urar POS ta koyar da ita, maigida ya zauna cikin masu koyo, babu abin kunya a ciki. Kamfanonin da ke kawo maka kaya ko injuna sau da yawa suna da wakilan da za su nuna yadda ake amfani da kayansu in aka nema. Ofishin 'yan kwana-kwana ma ana iya gayyatarsu, musamman in ƙungiyar 'yan layi ko ta kasuwa ce ta haɗu ta kira. Abin da shago ɗaya ba zai iya ɗauka ba, shaguna ashirin za su iya.

A yi koyarwar da harshen da ma'aikata ke ji, kuma a sauƙaƙe. Wani bincike da aka yi kan masu ƙananan sana'o'i a Jamhuriyar Dominika, aka wallafa a 2014, ya kwatanta koyar da ilimin akanta na makaranta da koyar da 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su ware kuɗin sana'a da na gida a aljihun tebur daban-daban. Masu sauƙin ne suka fi canza yadda mutane ke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. Masu sana'ar aka koyar a can, ba ma'aikatansu ba, amma darasin ya zo daidai: "kada kaya su fita sai ka ga alat a wayar shago" ya fi doguwar lacca kan zamba amfani. Irin waɗannan ƙa'idoji a rubuta su da manyan baƙi a manna a bango, da boko ko da ajami, da hoto ga wanda ba ya karatu. Ana iya ɗaukar ɗan bidiyo da waya lokacin da gwani ke nunawa, sabon ma'aikaci ya kalla ranar da ya zo.

Nawa zai ci, kuma me doka ta ce?

A yi lissafi a misali. Wuri mai ma'aikata takwas, a ɗauka kowa na karɓar naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, ko da yake dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. In ana aikin kwana 26 a wata, awa takwas a rana, kowace awa ta kama kusan naira 340. Rabin awa na mutum takwas awa huɗu ke nan, ƙasa da naira 1,400 a mako. Sai mai gidan burodi ya kwatanta wannan da kuɗin kwaɓi ɗaya da ya ƙone, tela ya kwatanta da shadda ɗaya da aka yanka ba daidai ba.

Ta fuskar hukuma, Nijeriya tana da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa na Jos. Dokarsa ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara. Gyaran 2011 ya sa dokar ta hau kan duk mai ma'aikata biyar zuwa sama, ko mai cinikin naira miliyan 50 a shekara. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗaga iyakar zuwa ma'aikata 25, don haka akasarin ƙananan shaguna sun fita daga ciki. Abin da masu biya da yawa ba su sani ba shi ne ana iya mayar musu da har rabin abin da suka biya, in sun nuna hujjar sun horar da ma'aikatansu bisa tsarin da asusun ya amince da shi. Wanda ba ya ajiye takardar ranar da aka yi horo da sunayen waɗanda suka zauna, ya bar kuɗinsa ke nan.

Wasu sana'o'in kuma horon ba zaɓi ba ne. Mai kemis yana ƙarƙashin hukumar da ke kula da harkar harhaɗa magunguna, mai ruwan leda da mai burodi suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda ta daɗe da haramta sa sinadarin buromet a burodi. In jami'ai suka zo suka tarar da saɓa ƙa'ida, cewa yaro ne ya yi ba ya hana a rufe wurin.

Inda shirin ke lalacewa

Akwai abin da horo ba ya gyarawa, kuma gara a faɗa. Ma'aikacin da ke bin albashin wata biyu ba darasin tarbar kwastoma yake buƙata ba. Sikelin da ya lalace ba ya gyaruwa da lacca. In maigida ya koyar cewa kowane ciniki sai an rubuta, shi kuma yana zura hannu a akwatin kuɗi ya ɗiba ba ya rubutawa, to abin da ya yi shi yara za su koya. Haka in zaman koyo ya rikiɗe ya zama zaman tonon silili, mako uku ya isa kowa ya fara neman uzurin rashin zuwa.

Kuma dole koyon ya zama yana kai mutum wani wuri. Ba sai ƙarin ya yi yawa ba, amma wanda ya tashi daga guga ya koma yanka, ko daga ɗaukar kaya ya koma riƙe littafin ciniki, ya kamata ya ga bambanci a aljihunsa. In an faɗa tun farko cewa duk wanda ya kai matakin koyar da wani aiki a teburin nan akwai ƙarin kaza, to ma'aikatan da kansu za su riƙa tuna maka ranar zama. Wannan ya fi muhimmanci ga mata da ke aiki a shagunan ɗinki da gidajen abinci da wuraren kwalliya, waɗanda aure ko haihuwa kan ɗauke su daga aiki na wani lokaci. Wadda ta fita da cikakkiyar sana'a a hannu tana iya ci gaba daga ɗakinta, har ta riƙa karɓar aiki daga tsohon wurinta lokacin cunkoso.

Ta yaya za a san ko ana cin riba? A koma littafin kurakurai bayan wata uku a ƙirga. In a watan farko an dawo da ɗinki sau goma sha biyu, yanzu sau nawa? In lissafin dare yana gaza cika sau biyu a mako, yanzu fa? Inda adadin ya sauka, a matsa zuwa darasi na gaba. Inda bai motsa ba, a sake duba ko an sa masu koyon sun yi aikin da hannunsu, ko kuwa matsalar tun asali ta kayan aiki ce ko ta albashi, a nemi maganinta a can.